Ƙwaryar Yelwa

Da sunan Allah nake buɗe wannan shafi. Masu turo mini saƙo cewa na cika jan rai, ku yi haƙuri, ba jan rai ba ne. Hannuna ne ya daɗe yana ƙin rubuta abin da ya faru ranar shan fura, sai yau na tilasta masa.

Ga waɗanda yau suka fara bi na: sunana Halimatu Sadiya, ina ɗinki a ɗan shagon da ke jikin gidanmu a Tudun Wada, Gusau. Babana ya rasu tun ina sakandare, don haka maganar aurena tana hannun yayansa, Baba Bala, a Kucheri. Wanda nake so shi ne Mahadi, mai shagon maganin dabbobi a bakin layinmu. Akuyar Mama ce ta haɗa mu, ranar da ta ci leda cikinta ya kumbura. Mahadi Bafulatani ne. Na rubuta shi a fili tun yanzu, domin a gidanmu na ƙauye wannan kalma sai an rage murya ake faɗinta.

Muna da wata al'ada a zuri'armu. Duk kaka, idan an ɗaure gero an kawo gida, kakarmu Inna Hasana tana kiran kowa da kowa. Daga damin farko na gandu ake sussuka, a surfa, a daka fura, a dama a manyan ƙore, kowa ya sha. Kuma duk saurayin da ke neman 'yar gidan, ranar yake zuwa gaisuwa. Idan Inna ta miƙa masa ludayi, Baba Bala ya ce "a turo manya," to magana ta zauna. Idan ba a ce ba, sai dai ya sha furarsa ya kama hanya.

Mama ce ta tsara komai, kamar yadda ta saba. Tun a mota take maimaita mini karatu.

"Ɗan Nahuce na, mai shago Gusau. Iyakar abin da za ki ce ke nan. Kin ji ko ba ki ji ba?"

"Mama, ai ba ƙarya muka yi ba."

"Shi ya sa nic ce ki tsaya nan. Shi zo da goro da lemo, shi duƙa, shi sha hura, shi tashi. In an ɗaura, kowa ya san abin da ya sani."

Na gyara zaman mayafina. Atamfa ce a jikina ruwan ganye mai zanen zangarniya, ni na ɗinka abata, doguwar riga mai tattara a hannu, da ɗaurin da na ɓata rabin safiya ina yi a gaban madubi. Kafin mu wuce Tsafe na tura masa saƙo: "Goro da lemo kawai, don Allah. Ka sa farar shaddar nan, kada ka yi magana mai tsawo." Ya nuna ya shiga, amma kafin amsa ta zo sabis ya ɗauke. A Kucheri sai ka hau kan turmin da ke bayan rumbu kake samun sanda ɗaya, shi ma idan ya ga dama.

Masu karatu, da kun ga gidan nan ranar. Dammunan gero jere tun daga zaure har gindin rumbuna, ƙaiƙayi yana tashi, tabarya uku a turmi ɗaya, yara suna tsere tsakanin ƙafafun mutane. Gwaggo Khadija ta zo da mijinta Bayarabe mai sayar da kayan gyaran mota, 'ya'yanta suna faɗa da juna da Yarabanci suna roƙon ƙuli da Hausa. Yaya Mannir, ɗan wata gwaggon tamu, ya zo da matarsa 'yar Zuru, wadda har yau ba ta iya ɗaurin zane irin namu ba, kuma ba mai ce mata komai. Ga mutanen Kano da kulolinsu na shinkafa, suna yatsina suna tambayar inda ake cajin waya. Ga wata matar ƙanen babanmu 'yar Jos, ta ɗaure ƙugu tana kirɓa fura ta fi 'yan gida. Gidanmu ya haɗiye kowane yare ya narkar. Yare ɗaya ne kawai ya tsaya masa a maƙogwaro.

Dalili kuwa yana zaune a bakin madafa, yana tsince tsakuwa a faifai. Iya Hajara ke nan, matar Baba Bala. Ɗanta Anas aka ɗauke a gonar gandu wata kaka da ta wuce, yana cikin yankan gero, kuma har yau ba shi ba labarinsa. Tun daga lokacin ba a ƙara jin dariyarta ba. Na durƙusa na gaishe ta, ta dube ni daga ɗauri har takalmi.

"An ce yau kina da baƙo."

"E, Iya."

"Ɗan wa na?"

"Ɗan Nahuce ne. Yana da shago a Gusau."

"Shago ba uba ba na," in ji ta, ta ci gaba da tsintar tsakuwarta.

Na wuce wurin Inna, wadda ke zaune kan tabarma a ƙofar ɗakinta, idanunta sun yi fari fat, amma kunnenta ko allura ta faɗi sai ta ji. Ta shafa hannun rigata ta ce, "Wanga tattara duk ta miye? Ko mijin naki tela shika so?" Na ce ai ita ce ba ta san gayu ba. Muna cikin haka aka kawo mata ɗanɗanon fura a ƙaramin ƙoƙo. Ta kai baki, ta ɓata fuska, ta ajiye.

"Garin madara kuma."

"Inna, shi ake samu," in ji Gwaggo Khadija.

"Hura da garin gwangwani. Allah shi kyauta."

Kowa ya san da can ba haka ake yi ba. Da can, idan an kwashe gero, Fulani ne ke sauka a bayan gandu, shanunsu su ci kara su bar taki, matansu su kawo nono a ba su hatsi. Da abubuwa suka lalace, rugar ta tashi, Baba Bala ya rantse nonon saniya ba zai ƙara shiga gidan ba. Shi ya sa kowace shekara ake dama furar sabon gero da madarar gari, Inna ta ɗanɗana ta ture.

Sau biyu ina hawa turmin bayan rumbu ina ɗaga waya sama, ba abin da ya shigo. Ana idar da azahar na ji tsayuwar mota. Maza suka dawo daga masallaci suka zauna a inuwar rumbuna, mata muka taru ta ɓangaren madafa, aka jera ƙoren fura a tsakiya. Sai ga Yaya Mannir ya yi sallama, Mahadi na bin sa.

Farar shaddar ya sa, da hula zanna, ya yi kyau har na ji haushinsa. Amma ba kwalin lemo a hannunsa. Ƙwarya ce babba ya rungumo da hannu biyu, tsohuwa, ta yi ja saboda daɗewa, an rufe ta da faifai mai ado. Tun kafin ya ƙaraso ƙamshin kindirmo ya riga shi.

Mama ta damƙe cinyata har sai da na ji farcenta. "Mi kic ce mai shi kawo?" ta faɗa ta cikin haƙora. A raina kuwa cewa nake, Mahadi, ka kashe ni, ka kashe kanka.

Ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaida maza, Baba Bala bai amsa ba, ƙwaryar yake kallo. Mahadi ya matsa gaban tabarmar Inna ya ajiye ta a hankali.

"Inna, barka da kaka. Mahaifiyata ta ce in kawo miki wannan."

Har tabaryar da ke can baya ta tsaya. Baba Bala ya miƙe. Dogo ne, ya rame tun bayan Anas, rigarsa tana lilo a jikinsa.

"Kai, yaro. Mi ac cikin ƙwaryar ga?"

"Nono ne, Baba."

"Ni ba babanka ba na. Wa ab ubanka?"

"Sule. Ya rasu. Mun zauna nan bayan gandunku ina ƙarami, kafin mu koma wajen Nahuce."

Wata daga cikin mutanen Kano ta ce "Innalillahi" a hankali. Baba Bala ya juyo ɓangaren mata, idonsa ya sauka kan Mama.

"Ɗan Nahuce mai shago. Haka kinka ce min, ko? Kin ɗauko su kin kawo min har tsakar gida, ranar geron gonar da sunka ɗauke min ɗa."

"Yaya, wallahi yaron kirki..."

"Rufe min baki."

Mahadi bai ɗago kai ba, ya ce, "Mu ma an kwashe mana shanu, Alhaji. Abin da ya rage mana..."

"Na tambaye ka?" Muryar Baba Bala ba ta tashi ba, kuma hakan ya fi tsawa ban tsoro. "Na ce ka ba ni labarin shanunku? Saniya nika nema ko ɗana? Tashi ka fita. Mannir, ɗauke abin ga ka zubar bayan gida."

Mahadi ya tashi. Bai dube ni ba, kuma na gode masa da bai duba ba, don da na fashe da kuka a gaban kowa. Ya ɗauki takalminsa a hannu ya fice. Yaya Mannir ya taso jiki ba ƙwari, ya sunkuya zai ɗauki ƙwaryar, sai ya tarar da hannun Inna a kanta.

Yatsunta ne ke bin bakin ƙwaryar suna zagayawa, har suka tsaya a wani wuri da ta taɓa tsagewa aka ɗinke. Ta bi ɗinkin daga sama har ƙasa, ta sake bi.

"Wagga ƙwaryar Yelwa ta," in ji ta.

"Inna, bari a zubar," in ji Baba Bala.

"Ni niɗ ɗunke ta da hannuna. Ga inda zaren yaƙ ƙare min nis sake wani." Ta ɗaga fararen idanunta sama. "Anas na yaf fasa ta. Yana tatata, ya biyo ɗan tsako da gudu ya ci karo da ita, nono ya malale ƙofar ɗakin ga. Hajara ta ɗauko kara za ta buge shi, Yelwa ta goye shi ta hana. Ashe tana raye."

Sai a lokacin na gane Yelwa ita ce mahaifiyar Mahadi. Na saci kallon Iya Hajara. Faifan yana kan cinyarta, hannunta ya daina motsi, fuskarta kuwa ba abin da za ka karanta a kai.

Inna ta buɗe faifan. Kindirmo ne fari sol, man shanu yana yawo a samansa. Ta ce a miƙo mata curin fura da ludayi. Ba wanda ya motsa, sai matar nan 'yar Jos, wadda ko ba ta gane zancen ba ne ko ta gane ta yi kamar ba ta gane ba, ta miƙa mata. Inna ta ɗebi nonon a ƙoƙonta ta dama da kanta, ta yi bismilla ta sha. Muna zaune fiye da mutum hamsin muna jin ƙarar haɗiyarta. Ta shanye tas, ta suɗe ludayin, abin da rabon a ga ta yi tun kafin a ɗauke Anas.

"Kin sha, Inna," in ji Baba Bala. "Ke uwata ta, ba ni hana ki. To a wurga mai ƙwaryarshi shi tahi."

"A juye sauran a ƙwaryata, a wanke wagga," in ji Inna. "Kuma a kawo min gero. Tun da nike ban taɓa maida ma Yelwa ƙwarya wayam ba."

Nan ne gidan ya hargitse. Gwaggo Khadija tana cewa a bar tsohuwa ta yi abin da take so, wani ƙanen babanmu yana cewa ai wannan cin fuska ne, mutanen Kano suna tattara 'ya'yansu, mijin Gwaggo yana ta "a yi haƙuri, a yi haƙuri" ba mai sauraronsa. Wata ta ce ai dama 'yan birni ba su san zafin abin ba, su da ke kwana da fanka. Wata ta mayar mata cewa 'yan birnin ne ke aiko da kuɗin taki. Tsofaffin maganganu da aka binne tun rabon gadon kakanmu duk suka taso. Wata 'yar'uwata da muke kwana ɗaki ɗaya in na zo ta matso ta ce mini, "Duk mazan Gusau ba ki ga kowa ba sai su? Kin ji kunya, Sadiya."

Inna ba ta kula kowa ba. Ta ja jiki zuwa buhun da aka sheƙe da safe, ta riƙa ɗiba da tafin hannu tana zubawa, har ƙwaryar ta cika ta yi tozo. Ta shafe saman da hannu.

"Wa zai kai mai?"

Baba Bala ya tako tsakiyar fili. "Ku saurara da kyau. Geron ga daga gonar da anka ɗauke Anas yaf fito. Duk wanda yat tsallake zauren ga da shi don shi kai musu, to shi tabbata can. Ba shi ba gidan ga in dai ina numfashi. Kuma in ɗiya ta, kar a nemi bakina wajen aurenta, ko da wa za ta aura."

Bai ambaci sunana ba, amma duk idon gidan ni yake kallo.

Yaya Mannir ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin mota. Gwaggo Khadija, mai bakin nan, ta shiga gyaran goyon jikarta. Inna ta jira, ta jira, da ta ji ba motsi sai ta dafa bango ta miƙe. Ta sunkuya ta kama ƙwaryar, ta ɗaga ta kamar tsawon taƙi ɗaya daga ƙasa, gero ya fara zuba ta gefe, gwiwoyinta suka lanƙwashe.

Masu karatu, kada ku ce jarumta ce. Tsoro nake ji har cikin ƙashina. Ina son gidan nan. A nan aka yanke cibiyar babana, a nan nake jin ni 'yar wani ce. Kuma haushin Mahadi nake ji kamar in shaƙe shi, da ya bi maganata da yanzu yana shan furar gwangwani ana ce masa a turo manya. Amma na kasa zama ina kallon tsohuwar nan za ta kife a gaban 'ya'yanta da jikokinta ba mai tashi.

Mama ta riƙe gefen rigata. "Sadiya, ki rufa min asiri. Ki zauna."

Na zare rigar daga hannunta a hankali, har na ji ɗinkin tattarar ya ɗan ɓalle. Na je na karɓi ƙwaryar. Inna ta lalubi fuskata ta gane ni, ba ta yi mini addu'a ba, ba ta yi wasa ba, cewa kawai ta yi, "Ki ce ma Yelwa haƙorana sun ƙare, amma na sha."

Na warware ɗaurin da na ɓata safiya ina yi, na naɗe shi gammo, na ja mayafi na rufe kaina, na ɗora ƙwaryar. Ta fi yadda na zata nauyi. Na ratsa ta gaban maza, ta gaban Baba Bala. Ban dube shi ba, amma na ji numfashinsa. Ba wanda ya kira sunana.

Zauren da duhu-duhu bayan hasken tsakar gida, sai da na kai tsakiya na ga mutum tsaye a bakin ƙofar fita. Iya Hajara ce. Ban san lokacin da ta bar madafa ba. Na tsaya cak, na riƙe ƙwaryar da hannu biyu, don na tabbata kaɓar da ita za ta yi.

"Sauke," in ji ta.

Na durƙusa na sauke a gabanta. Ta daɗe tana kallon ɗinkin nan na bakin ƙwaryar. Ta kai yatsa kamar za ta taɓa, ta fasa. Sai ta nutsa hannunta cikin geron ta damƙo cike da tafi, ta ƙulle a bakin zanenta, ta ja ƙullin da haƙori.

"Wanga rabon Anas na. Shi ba ki kai musu." Muryarta a bushe take. "Sauran, ɗauki ki tahi."

Ita ta taya ni ɗorawa a ka. Ina tsallake dokin ƙofa na ji ta turo ƙyaure, na ji sakata ta shiga. Sai da ƙasa mai zafi ta gasa mini tafin ƙafa na tuna takalmina suna ƙofar ɗakin Inna, da jakata, da Mama.

Mahadi yana tsaye jikin motarsa a ƙarƙashin dalbejiya, har yanzu takalminsa a hannu. Da ya gan ni da ƙwaryar a ka, ya nufo ni. Wayata da ke soke a ƙugu ta yi ƙara a daidai lokacin, sabis ya ga damar dawowa. Amsarsa ce ta safe: "Ki yafe mini. Innata ta ce ba zan shiga gidan ƙawarta a ɓoye ba. Ta ce ko zubarwa suka yi, Hasana ta san tana raye."

Ya karɓi ƙwaryar ya ajiye a kujerar baya. Ya ga ramin da hannun Iya Hajara ya bari a tsakiyar geron, ya kai hannu zai shafe.

"Bar shi haka," na ce. "Innarka ta gani."

Ya janye hannun. Ya dubi ƙafafuna, ya dubi ƙofar gidan, sannan ya dube ni.

"Sadiya, ina zan kai ki?"

Na juya ina kallon ƙyauren zauren, ina jiran ko Mama, ko Yaya Mannir, ko wani ya zare sakatar nan ya miƙo mini ko da takalmina ne. Daga ciki na ji tabarya ta ci gaba da daka.